Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Za Ka Gane Agogon Ƙwarai da Na Jabu

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ya tsaya a gaban teburina a Wuse, ya kwance agogo daga hannunsa ya miƙo mini.

"Malam, duba mini wannan. Tun shekaranjiya ya tsaya cik, ina jin batir ne ya ƙare."

Na karɓa da hannu biyu. Rolex ne a rubuce, samfurin Day-Date, mai sunan rana a sama da kwanan wata a gefe, sai sheƙin zinare yake yi. Tun kafin in ɗora madubi a ido jikina ya ba ni, domin tafin hannuna bai ji nauyin da ya kamata ya ji ba.

"Ranka ya daɗe, a ina aka samo shi?"

"Jingina ce. Wani yaro ya karɓi kuɗi a hannuna ya bar mini shi."

Ban tambaye shi ko nawa ne ba. Yadda ya sauke murya ya ishe ni amsa.

Irin wannan tsayuwa ta yi yawa a gaban masu gyaran agogo a Abuja, kuma kusan kullum ihu ne bayan hari. Shi ya sa na ga gara in shimfiɗa yadda nake bin agogo daki-daki idan an kawo mini. Sai dai ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga nan: gwajin ido da na hannu jabu kaɗai suke iya tona wa asiri. In agogo ya faɗi gwajin, ka huta. In ya tsallake duka, bai zama na ƙwarai ba tukuna, sai an leƙa cikinsa.

Dalili kuwa shi ne jabun ma hawa-hawa ne. Akwai na tire, irin wanda ake miƙo maka ta tagar mota a cunkoson Nyanya da Mararaba. Wannan ba yaudara a cikinsa, mai saye da mai sayarwa duk sun san abin da ake ciki. Akwai na tsakiya, wanda 'yan Instagram da WhatsApp ke kira fes kwafi: ƙarfensa na da ɗan kyau, injinsa na Sin ne ko na Jafan mai araha. Sannan akwai na ƙoli, wanda aka kwaikwayi komai har injin ciki, kuɗinsa ma kan kai ɗaruruwan daloli. Shi ne ke cin mutane, har da waɗanda suka daɗe suna ɗaura na gaske. Mafi yawan misalaina a kan Rolex za su kasance, don shi aka fi kawo mini.

Mataki na farko: kada ka taɓa agogon tukuna

Fara da lambar samfuri. Kowane agogo na manyan kamfanoni yana da lambobi biyu: ta samfuri, wadda duk 'yan uwansa ke ɗauke da ita, da tasa ta kansa wadda ba ya tarayya da kowa a cikinta. Ka ce wa mai sayarwa ya turo maka duka biyun da hotuna masu haske, na gaba da na baya da na gefe. Wanda ya fara kame-kame a nan, ya rage maka aiki.

Lambar samfurin Rolex tana magana ga wanda ya iya sauraro. A agogunan zamani, adadin ƙarshe yana faɗin irin ƙarfen. Sifili na nufin farin ƙarfe zalla, 3 haɗin ƙarfe da zinare rawaya, 4 ƙarfe mai zoben farin zinare a kewayen gilashi, 8 zinare rawaya zalla, 9 farin zinare, 6 kuma filatinam. Ke nan 126610 Submariner ne na ƙarfe, 126233 Datejust ne mai ruwa biyu, 228238 kuwa Day-Date ne na zinare. In katin da aka nuna maka ya ce 126233 amma agogon fari ne fat ba ɗigon rawaya, zaren ba kalar yadin ba ne.

Daga nan sai ka shiga shafin kamfanin a intanet, ka buɗe hoton wannan samfurin ka ajiye a waya. Akwai abubuwan da kamfani bai taɓa ƙerawa ba amma suna yawo a kasuwa. Day-Date, tun fitowarsa a 1956, da zinare ko filatinam ake sayar da shi, ba a yin na ƙarfe. Daytona ba ya nuna kwanan wata. In ka ga mai kwanan wata, ka gaida mai shi ka wuce.

Sai farashi. Mafi arahar Rolex sabo a yau ya haura dala 5,000, Submariner na ƙarfe mai kwanan wata kuwa ya haura dala 10,000. Ka tambayi 'yan canjin Zone 4 yadda dala take da safen nan, ka buga lissafi da kanka. Samfuran da ake rububi ma na hannu kan fi sabo tsada, saboda ba a samunsu a shago nan take. To wanda ya zo maka da Submariner a kan naira miliyan ɗaya da rabi, wai matsuwa ce ta kama shi, ko wai wani oga ne ya ba shi kyauta bai san darajarsa ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗayan biyu ne, ko jabu ko kayan sata.

Mataki na biyu: nauyi da ƙarfe

Yanzu karɓi agogon. Ka rufe ido ka auna shi a tafin hannu, sannan ka ɗora shi a sikeli mai nuna giram, irin na masu zinare a kasuwar Wuse. Submariner na ƙarfe da cikakkiyar sarƙarsa yana tsakanin giram 150 da 160. In an cire 'ya'yan sarƙa biyu ko uku don ya yi daidai da hannu, zai ragu kaɗan, sai ka tambaya ina ragowar.

A agogon zinare nauyi ya fi tona asiri. Zinare mai karat 18 ya kusa ninka ƙarfe nauyi, don haka Day-Date na gaske za ka ji shi dam a hannu. Abin da ya fallasa agogon dattijon nan ke nan. Rolex na zamani ba ya shafa ruwan zinare a kan ƙarfe, zinaren ne gaba ɗaya, kuma za ka tarar da hatimin 750, wato alamar zinare mai karat 18, da ƙananan tambura na hukumar tantance zinare ta Suwizalan a ƙasan ƙafafun agogon, wato inda sarƙa ke haɗuwa da jikinsa, da kuma cikin maƙullin sarƙa. Duba inda agogo ke gogar jiki da tebur: gefen maƙulli, tsakanin 'ya'yan sarƙa, kusurwoyi. Shafe ba ya jure zufar Abuja ta watan Maris, wata biyu ko uku za ka ga fari na leƙowa daga ƙasa, wani lokaci har wuyan hannu ya yi kore.

Abu biyu kada ka yarda a yi. Kada a kankare agogon a zuba masa ruwan gwajin zinare kamar yadda ake yi wa awarwaro, domin in na gaske ne an rage masa daraja. In akwai mai na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa ba tare da kankara ba, can za ka je. Kada kuma ka kusanto masa da maganaɗisu. Ba abin da zai nuna maka, sai dai ya rikita injin ya koma gudu.

Tunda maganar zinare ta zo, ɗan uwa musulmi ka tuna cewa malamai sun hana namiji sa zinare. Ni mai gyaran agogo ne, ba mai fatawa ba, amma na sha ganin mutum ya kashe dukiya sannan ya dawo yana neman mai saye saboda an ja hankalinsa a masallaci. Ka yi tambayarka kafin ciniki.

Mataki na uku: kalli hannun sakan

Mutanenmu na kiran agogon otomatik mai aiki da jini. Ba ruwansa da jini. Wani ƙarfe ne mai siffar rabin wata a cikinsa, yana lilo duk lokacin da ka motsa hannu, shi ke ɗaure zaren ƙarfen da ke tuƙa agogon. Rolex ya fito da nasa tsarin a 1931. Irin wannan inji hannun sakansa ba ya tsalle ɗaya-ɗaya kamar na batir, tafiya yake yi sumul. In ka ga Rolex na tak, tak, tak, sau ɗaya a sakan, kusan ko yaushe jabu ne. Na ce kusan, domin daga 1977 zuwa farkon shekarun 2000 kamfanin ya yi wani mai batir da ake kira Oysterquartz, har da Day-Date a cikinsu. Jikinsa mai kusurwa-kusurwa ne, sunan kuma na rubuce a fuskarsa. Saboda shi ne ban yanke wa agogon dattijon hukunci da maganar batir kaɗai ba.

Tafiyar sumul ɗin ma ba sumul ba ce da gaske, ƙananan taku ne masu sauri. Yawancin injinan Rolex na zamani suna bugawa sau 28,800 a awa, wato taku 8 a sakan. Injinan araha da ake cusa wa jabun tsakiya yawanci 21,600 suke yi, taku 6. Ido ba ya iya ƙirgawa, amma wayarka za ta iya. Ka ɗauki bidiyon hannun sakan da tsarin nan mai rage gudu, ka ƙirga takun da yake yi daga layi ɗaya zuwa na gaba. Wannan dabara ta sha fitar da ni kunya.

Sai dai ka san samfurin da kake gwadawa. Tsofaffin Rolex na shekarun 1960 ba su kai wannan saurin ba. Omega Speedmaster, irin wanda aka je duniyar wata da shi a 1969, na yanzu taku 6 yake yi kuma da hannu ake masa wani, ba otomatik ba ne. Wasu injinan Omega na zamani kuma 7 suke yi. Wanda ya haddace 8 kawai zai ƙaryata mai gaskiya.

Ka kai agogon kunne ka girgiza shi a hankali. Rolex na ƙwarai da ƙyar za ka ji wani abu. Na jabu mai araha za ka ji ƙurrr, kamar an saki faifan keke.

Mataki na huɗu: fuska da gilashi

Nan ne nake daɗewa, don nan ne hannun maƙeri ke nuna kansa. Ka nemi madubin masu gyara mai ƙara girma sau goma, ba shi da tsada, ka fita inda hasken rana yake. Fitilar shago tana ɓoye aibi, ita ma ta iya talla.

Fara da rubutu. A agogon ƙwarai kowane harafi tsaf yake, bakinsa a yanke, fentin ya ɗan tashi kamar an ɗiga shi. A na jabu za ka ga harafi ya yi kauri a nan ya sirance a can, ko tazarar da ke tsakanin haruffa ba daidai ba, ko fenti ya ɗan malala. Kwatanta da hoton da ka ajiye a waya layi bayan layi, har ɗan rubutun da ke ƙasan ƙarfe shida. Duba sandunan da ke nuna awa, ko sun zauna daidai kan layukan minti. Ƙura, zare, ko alamar yatsa a ƙarƙashin gilashi ba sa fitowa daga masana'antar Rolex. In ka gani, ko dai jabu ne ko an taɓa buɗe shi a inda bai dace ba.

Sai ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata, wanda Rolex ya fara sawa a 1953. Aikinsa ya ƙara girman lambar sau biyu da rabi, har ta kusa cika tagar. A jabu da yawa lambar na nan 'yar ƙarama tana iyo a tsakiya, ko ƙullutun ya karkace. Ka kalle shi ta sama daidai, kada ta gefe.

Daga wajen 2002 kamfanin ya fara zana ɗan ƙaramin kambinsa a jikin gilashi, daidai ƙarfe shida. Da ɗige-ɗige aka yi shi, kuma ƙanƙantarsa ta kai sai ka haska fitilar waya ta gefe ka juya agogon kafin ka hango shi. Abin dariya, masu jabu kan zaƙe su yi shi ɓaro-ɓaro. In ka gan shi da ido tun daga nesa, ka ƙara shakka.

Leƙa kuma bangon ciki, tsakanin gilashi da fuska. Daga tsakiyar shekarun 2000 ana sassaƙa sunan kamfanin a jere a kewaye, kambi daidai ƙarfe sha biyu, lambar agogon daidai ƙarfe shida. Sassaƙa ce mai tsafta, ba bugun fenti ba. A tsofaffi kuwa lambar na tsakanin ƙafafun agogo ta wajen ƙarfe shida, ta samfuri ta wajen sha biyu, sai an cire sarƙa ake gani. Ka rubuta lambar a takarda ka sa a aljihu, za ta yi maka amfani nan gaba. Ka kuma buga ta a Google. Masu jabu kan maimaita lamba ɗaya a agoguna masu yawa, wani lokaci sai ka tarar da ita a hotuna daga ƙasashe daban-daban.

Ƙarshe, haska fuskar da fitila na ɗan lokaci ka rufe ta da tafin hannu. Na zamani shuɗin haske yake bayarwa, iri ɗaya a hannaye da sanduna, kuma yana daɗewa. Na shekarun baya kore ne, tsoho tukuf kuma mai yiwuwa ya daina haske gaba ɗaya, wannan ba laifi ba ne.

Gwajin ɗiga ruwa a gilashi ko ƙoƙarin karce shi da makulli, bar shi. Jabun kirki ma gilashin safaya, mai wuyar karcewa, yake sawa yanzu, tsofaffin Rolex na gaske kuma gilashin roba gare su.

Mataki na biyar: murɗa duk abin da ke murɗuwa

Kunnen agogo, wato ɗan maɓallin gefe da ake yin wani da shi, a yawancin Rolex ɗaure yake kamar noti. Kwance shi. Ya kamata ya warware lumui, ba gargada ba ƙara. Yi masa wani ka ji laushinsa. Ja shi har ƙarshe, hannun sakan zai tsaya cik. Juya hannaye su wuce sha biyun dare ka zuba ido: kwanan watan Datejust ƙyaftawar ido yake canzawa, ba ya jan jiki rabi a sama rabi a ƙasa.

Zoben Submariner na zamani gefe ɗaya kawai yake juyawa, hagu, taku 120 a zagaye, kowane taku da ƙara mai tsafta, ba ya girgiɗi. In agogon mai ƙananan fuskoki uku ne irin Daytona, kwance maɓallan gefe ka danna na sama: dogon hannun tsakiya zai tashi, ka sake dannawa ya tsaya, ka danna na ƙasa ya koma sha biyu daidai. A jabun araha ƙananan fuskokin ado ne kawai, ko kuma suna nuna rana da wata maimakon minti da awa.

Sarƙa kuma ka karkaɗa ta. Ta zamani ba ta ƙarar gwangwani, gefunanta ba sa yankar fata, 'ya'yanta da ƙananan sukurori aka haɗa su, ba da fil da ake bugawa da guduma ba. Maƙulli ya rufe ƙyas, ba sai an danne shi da ƙarfi ba. Murfin baya na yawancin Rolex fili ne, ba zane ba rubutu. In ka ga Submariner ko Datejust mai gilashi a baya ana hango inji, ko mai katon kambi a sassaƙe, ka ajiye. 'Yan samfura kaɗan ne ke da gilashin baya, kamar Daytona na filatinam da samfurin 1908 da aka fitar a 2023.

Kwali, kati da rasit ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba. Wanda ya iya ƙera agogo bugun kati ba zai gagare shi ba, kuma ana sayar da kwalayen daban. Amfaninsu ɗaya: lambar da ke katin ta yi daidai da ta jikin agogo. In ta saɓa, an gama. In ta dace, ci gaba da bincike.

Mataki na shida: a buɗe shi

Jabun ƙoli zai iya tsallake kusan duk abin da na lissafa. A nan dole ka nemi mai gyara wanda ya saba da irin waɗannan agoguna, kuma kai za ka zaɓe shi, ba mai sayarwa ba. Murfin Rolex da makulli na musamman ake kwance shi, mai haƙora daidai da na murfin. Wanda ya ɗauko wuƙa ko filaya, karɓe agogonka.

Abin da mai gyara zai duba shi ne lambar injin ta dace da samfurin da shekararsa, misali 3135 a Submariner mai kwanan wata na da, 3235 a na 2020 zuwa yau. Zai duba 'yar ƙafar da ke kai da komo a cikin inji, mai kama da ƙafar keke, wadda ita ce zuciyar agogo. Rolex da wasu 'yan ƙananan notina a jikin ƙafar yake daidaita gudu, kwafi da yawa kuwa suna da ɗan hannu da ake turawa gaba ko baya. Zai duba tsaftar goge ƙarfe da kawunan sukurori, domin mai jabu yakan ƙawata abin da ido ke fara gani ya bar lungu da kaushi. Sannan ya ɗora shi a na'urar auna bugu. Tun 2015 Rolex ke alkawarin cewa sabon agogonsa ba zai wuce sakan 2 gaba ko baya a yini ba, tare da garantin shekara 5. Tsohon da ya daɗe ba a yi masa sabis ba zai iya kauce wa haka, amma na'urar za ta nuna ko gajiya ce ko asali ne babu.

In mai sayarwa ya yarda agogon ya kwana a hannun wanda kuka amince da shi, akwai gwaji mai sauƙi. A cika masa wani a ajiye kada a taɓa. Inji 3135 zai yi wajen awa 48, 3235 kuwa wajen awa 70. Wanda ya mutu kafin kwana biyu alhali an ce na bana ne, da sake.

A wannan matakin ne kuma ake gano haɗe-haɗe, wanda ni ya fi ba ni haushi fiye da jabu tsantsa. Inji na gaske, jiki na jabu. Ko jiki na gaske, fuska da sarƙa na kasuwa. Haka agogunan da ake cika wa duwatsu masu ƙyalli bayan sun bar masana'anta: ko da asalinsu na ƙwarai ne, an huda su, darajarsu ta faɗi, kamfani ma ba ya karɓarsu sabis a haka.

In da hali, hanya mafi kwanciyar hankali ita ce dillalin da kamfani ya amince da shi. Rolex na da jerin sunayensu a shafinsa, ƙasa-ƙasa, kuma kamfanin Polo ne aka sani da wannan a Najeriya, a Legas da nan Abuja. Ko ba saye za ka yi ba, ka je ka ɗaura na gaske a hannunka sau ɗaya. Hannu ba ya manta abin da ya taɓa ji.

Sauran kamfanoni, a gurguje

Cartier kan ɓoye sunansa da ƙananan haruffa a cikin ƙafar lambar VII ko X, wato bakwai ko goma, a fuskar agogo, sai da madubi ake karantawa. Royal Oak na Audemars Piguet, wanda ya fito a 1972, yana da sukurori takwas a zobensa, tsagar kowanne ta bi layin da'ira daidai, kuma sun zauna daram ba wanda ya ɗago. Rado irin na iyayenmu alhazai, mai jikin da ba ya karcewa, in ka gan shi duk zane-zane a fuska da gefe, ka yi shakkarsa. Hatta Casio F-91W, wanda ke kasuwa tun 1989, ana yin jabunsa. Danne maɓallin dama na sakan uku, na gaske zai rubuta sunan kamfanin a fuska, ko da yake wasu jabun sun koyi wannan ma.

Ra'ayina, wanda ba dole ka ɗauka ba: kuɗin da za ka zuba a jabun ƙoli zai saya maka Seiko, Citizen, Orient ko Tissot na gaske, mai garanti, wanda in ya lalace akwai kayan gyaransa. Seiko 5 tun 1963 yake, har yau ana kawo mini na kakanni ina wankewa suna tashi. Jabu kuwa in injinsa ya mutu sau da yawa sai dai a jefar. Mai yawan tafiya kuma ya sani cewa kwastan na Faransa da Suwizalan na da ikon ƙwace kayan jabu ko da na amfanin kanka ne.

Ranar biyan kuɗi

Kada ka yi cinikin biri a sama, wato ka tura kuɗi a kan hoto da alkawarin za a aiko direba. Ku haɗu a shagon mai gyaran da ka zaɓa, da rana, ba a cikin mota ko ɗakin otal ba. Ka ga katin shaidar mai sayarwa, sunan da ke kai ya zama shi ne a asusun da za ka tura wa kuɗi. A rubuta takarda mai ɗauke da lambar samfuri, lambar agogo, farashi, da sharaɗin cewa in ya fito jabu ko haɗe-haɗe za a mayar da kuɗi, shaidu biyu su sa hannu. In dillali ne ya haɗa ku, a yanke la'adarsa a fili, shi ma ya sa hannu. In agogon mai tsada ne sosai, akwai The Watch Register a Landan, inda ake biyan kuɗi kaɗan a duba ko an kai rahoton satar wannan lambar. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma "ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum da wuri ba.

Sai dabarar da ta fi kowace muni. An gama dubawa, mai gyara ya ce na ƙwarai ne, sai mai sayarwa ya karɓa wai zai goge shi ya sa a kwali, ko wayarsa ta yi ƙara ya ɗan juya baya. Abin da zai dawo hannunka ɗan uwansa ne na jabu. Bayan an duba, agogo kada ya sake barin hannunka ko na mai gyara. In ya bari ko na sakan biyar ne, fito da takardar nan ta aljihunka ka sake karanta lambar da madubi kafin ka danna tura kuɗi. Mai karɓar jingina ma duk wannan ya hau kansa, har ya fi, don shi ba ya da niyyar saye balle ya yi bincike.

Dattijon nan ya saurare ni har na gama nuna masa inda farin ƙarfe ya leƙo a gefen maƙulli. Ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa.

"To Malam, nawa zai yi in an sayar?"

Na faɗa masa. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Sa masa batir ɗin dai. In Allah ya sa yaron ya dawo, ya tarar da kayansa na aiki."